Shuɗiyar Kwalbar Gwaggo

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu tafiya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinta na cikin Birni, bayan ta sha kunu ta ce a buɗe mata ƙofa ta ga rana. Ina wurin aiki a gidan likita aka kira ni a salula. Kafin in samu ɗan kabu-kabu in iso, an riga an lulluɓe ta da farin zane.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu har ta aurar da ni. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa bakinta bai taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Uwata. Da na gama karatun jinya na fara sa farar riga, sai ta ƙara mini wani, Madam Likita, wanda take ajiyewa don ranar tsokana.

Na san tana da jama'a, amma ban san yawansu ya kai haka ba. Kafin azahar lungunmu ya cika. Mata sun zo daga Guna a kan amalanke, wasu daga Takieta a mota, har da wani tsoho da ya taso daga Damagaram Takaya da sandarsa, wanda babu wanda ya san shi a gidan. Duk wanda ya gama ta'aziyya ya zauna, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakinsa, wai ta taɓa ɗiga masa maganin kwalbarta. Wata ta ce ta ɗiga mata ranar da haƙori ya hana ta sakat. Wani tsohon mushe, wato malamin boko, da ya koyar da rabin unguwarmu a lakwal ya aiko daga zaure cewa ba don ɗigon Gwaggo ba da bai ci jarrabawarsa ta farko ba, don cikinsa ya ruɗe tun da safe. Maƙwabcinmu Bakano mai sayar da atamfa, wanda ya shekara arba'in yana jayayya da ita ta kan katanga, ya shigo har bakin ƙofar tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana share ido da hannun rigarsa. Ya ce, "Yau garin nan ya yi mini faɗi." Ya juya ya fita.

Gidan makoki ne, amma da ka ji an ambaci kwalbar sai ka ji 'yar dariya ta kuɓuce wa wata. Daga nan sai ido ya juyo kaina, a yi sauri a sunkuyar da kai, a canza magana. Kowa a lungun nan ya san kwalbar ta shekara shida babu komai a cikinta, kowa kuma ya san ni na zubar da abin da ke ciki. Abin da ba su sani ba shi ne ban taɓa buɗe baki na roƙe ta gafara a kan wannan ba. Da liman ya ɗaga murya a waje yana cewa duk wanda marigayiya ta saɓa wa ya yafe mata, ina zaune a ɗakinta na ji kamar ni ake nunawa da yatsa. Ita aka roƙar wa yafiya, ni da nake buƙatar tata babu wanda zai roƙar mini. Da wannan nauyin na yi zaman makoki, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami, don kada yaran da ke tasowa su san Gwaggo a matsayin tsohuwar da aka zubar wa magani kawai.

Kwalbar ba ta fi tsawon tafin hannu ba, shuɗiya ce, mai siririn wuya. Tun zamanin Nasara take. Mijin Gwaggo, Allah Ya jiƙansa, shi ke auna gyaɗa a kan sikeli a wani kantin Faransawa, lokacin da manoma ke shigo da ita gari a kan jakuna da raƙuma. A kantin, ban da yadi da sabulu da fitilu, akwai wani sashe na magunguna: kinin mai ɗaci, man wanke ciki, garin shafawa, da waɗannan shuɗayen kwalabe da aka ce babu ciwon da ba sa yi wa magani. Gwaggo tana amarya ta yi fama da ciwon ciki, sai ya kawo mata ɗaya, ya nuna mata yadda ya ga matar mai kantin tana sha: ɗigo uku a kan ƙwayar sukari, a ɗora a harshe. Ta ce da ta ji sanyinsa ya ratsa hancinta ya fito ta ido, sai ta zaci mutuwa ce ta zo. Can kuma ciki ya lafa.

Kwalbar ta zo a naɗe da wata takarda mai ƙananan rubutu. Mijinta ya kai wa tafintan kumandan, Baturen mulki, ya fassara masa, ya dawo ya biya mata, ita kuma ta haddace kamar karatun allo. Har ta tsufa in ka tambaye ta me maganin ke yi, sai ta gyara zama ta jero: ciwon ciki, ciwon kai, jiri, amai, mura, bugun rana, ciwon haƙori, nauyin abinci, ɓacin rai, da tashin zuciyar da ke kama mai tafiya a jirgin ruwa. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, a Damagaram, inda ruwan sha ma sai an bi layi a famfo, ina muka ga jirgin ruwa?" Ta ce, "Uwata, Nasara ya rubuta, ni ba zan rage masa ba. Wa ya san inda Allah zai kai mutum?" Da mutanen unguwa suka fara tafiya Makka ta sama, sai ta yanke hukunci cewa jirgi jirgi ne. Babu alhajin da ya tashi daga lungunmu ba tare da ya biyo ta ƙofarta ba.

Bayan Nasara sun tafi, kantin ya canza hannu, aka daina kawo maganin. Mijinta ya rasu ya bar ta da kwalba ɗaya da ta kusa kai rabi. Da wata mace ce, da sai ta yi ta tsimi har ya ƙare. Gwaggo kuwa ta taso tana ganin yadda ake barin ɗan nonon jiya a ƙwarya don ya kama madarar yau, sai ta ga babu dalilin da zai hana magani yin haka. Ta dafa na'a-na'a da kanumfari da 'yar citta, ta tace da farin ƙyalle, ta bari ya huce, ta cika kwalbar. Daga ranar ba ta taɓa bari ya sauka ƙasa da inda babban yatsanta ke kamawa ba. Abin da ke ƙasan yatsa shi take kira iri. Ta ce muddin iri na nan, duk abin da ka zuba a kai zai koyi aiki a wurinsa. Ba ta ɓoye wa kowa wannan ba, a tsakar gida take yin dahuwar, kuma ban taɓa jin wanda ya ga aibin abin ba.

Wani liman da aka kawo masallacin unguwarmu ya ji labari, ya aiko matarsa ta tambaya, don ya ji an ce irin waɗannan magungunan na Turawa da barasa ake haɗa su. Gwaggo ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ki gaida Malam. Ki ce masa da can Nasara ne, ban musa ba. Amma ya shekara talatin a ɗakina yana jin kiran salla sau biyar, ya musulunta." Ba a yi wata biyu ba matar ta dawo da ƙwayar sukari a hannu, wai Malam ne ke fama da mura.

Da maƙwabcinmu Bakano kuwa, rigimarsu ba ta ƙarewa. Shi nasa maganin komai wani man zafi ne a ƙaramin gwangwani, irin wanda iyayensa fatake suka saba ɗaukowa daga kantunan Ingilishi a Kano. Yana shafa shi a goshi, a ƙirji, a gwiwa, har a hanci. Yakan ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Hajiya, maganin da sai an lallashe shi da sukari ai na yara ne." Ita kuma ta ce, "Alhaji, naka da ke tsayawa a kan fata, tsoron shiga ciki yake yi. Halin Kanawa ya ɗauko, ciniki a bakin ƙofa." Ya ce Ingilishi sun fi Faransa sanin magani, ta ce shi ya sa ya bar garinsu ya zo namu neman lafiya. Haka suke yi kusan kullum bayan la'asar, ita tana tsinke zogale, shi yana jan carbi. Sai bayan rasuwarta matarsa ta gaya mini cewa duk ranar da cikinsa ya murɗa, ita yake turowa ta karɓo masa, da sharaɗin ta ce nata cikin ne. Gwaggo takan ɗiga ta miƙa mata, ta ce, "Allah Ya ba cikinki lafiya, ki ce masa ya rage cin kilishi."

Yadda take ba da maganin ma abin kallo ne. Mai ciwo zai zauna a tabarmar bakin ƙofarta. Za ta wanke hannu, ta ɗauko kwalbar daga cikin wata tsohuwar fanteka, ta yi bisimilla, ta ɗiga uku. Ko sarki ne ba ta ƙara na huɗu. Sai sukarin ya narke take tambaya, "To, me ke damun ki?" A nan ne ake jin ainihin ciwon. Mai ciwon kai sai ta ɓuge da labarin ɗanta da ya tafi Libiya shekara biyu babu waya. Mai jiri sai a gane tun jiya ba ta sa komai a ciki ba, Gwaggo ta miƙe ta dama mata fura ba tare da ta nuna ta gane ba. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, matan ƙauye in sun sayar da kuɓewarsu da gyaɗarsu sai su biyo ta gidan, tabarma ta cika har a shimfiɗa ta biyu. Ba ta karɓar komai, sai dai wanda ya ji daɗi ya kawo mata kwalin sukari.

Ni ma da ɗigon nan na girma, kuma ina son sa. Ina yarinya nakan ƙirƙiro ciwon ciki don in samu sukari, ita kuma takan gane, ta ɗiga ɗaya tak ta ce ƙaramin ciwo ƙaramin magani. Da na shiga makarantar jinya sai na fara ganin abin da wani ido. Na zauna na yi tunanin sau nawa aka cika kwalbar nan tun kafin a haife ni, na tabbata ko ƙanshin maganin kantin bai rage a ciki ba. Na gaya mata cikin wasa. Ta ce, "Madam Likita, ke ma jinin kakarki nawa ya rage a jikinki? Ga shi kuwa da hancinta kike yawo." Muka yi dariya, maganar ta wuce. A raina na ce ruwan na'a-na'a ne, ba ya cutar da kowa.

Ranar da na canza ra'ayi, damina ce, lokacin da zazzaɓin sauro, wanda muke ce wa palu, ke kwantar da yara gida-gida. An tura ni Takieta aikin kwana uku. Na dawo na biya gidan ƙanena, na tarar da 'yarsa mai shekara biyu a kwance, jiki kamar garwashi, ido ya kafe, tafin hannu fari fat. Ƙanena ya tafi Kano sayo kaya. Na tambayi matarsa me aka ba yarinyar, ta ce kwana biyu ke nan tana kai ta wurin Gwaggo ana ɗiga mata. Ban tsaya jin sauran ba, na saɓa yarinyar na yi babban asibiti da ita. An yi mata pikir, wato allura, an ƙara mata ruwa, an ƙara mata jini. Kwana uku muna tsakanin tsoro da fata, a na huɗu ta buɗe ido ta nemi nono.

Daga asibitin ban je gidana ba, Birni na nufa, da farar rigata a jiki. Alhamis ce, bayan azahar, tabarmi biyu cike da mata. Gwaggo na riƙe da kwalbar za ta ɗiga wa wata. Ban gaishe ta ba, ni da ban taɓa shiga gidan nan ban durƙusa ba.

Na ce, "Gwaggo, sai kin kashe wani za ki daina?"

Matan suka ɗago suna dubana. Na ce wannan ba magani ba ne, ruwan ganye ne, shekara da shekaru tana ruɗin mutane da shi suna zaune a gida ciwo na cin su. Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan rubuta ba. Sannan na karɓe kwalbar daga hannunta, ba ta riƙe ba, na juye ta a ƙasa kusa da randa, har da irin. Ƙanshin na'a-na'a ya cika gidan. Ƙasa ta shanye shi nan da nan, don ba shi da yawa.

Gwaggo ta dubi wurin da ya jiƙe, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago ta ce, "Yarinyar ta farfaɗo?"

Na ce, "Ta farfaɗo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta miƙo hannu na ba ta kwalbar, ta goge bakinta da gefen zanenta, ta shiga ɗaki. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kwandunansu.

Washegari matar ƙanena ta same ni tana kuka. Ta ce tun ranar farko da Gwaggo ta taɓa jikin yarinyar ta ce mata wannan ba na kwalba ba ne, ta kai ta likita yanzu-yanzu. Ita ce ta ji tsoron fita asibiti ba da izinin mijinta ba, salularsa kuma ba ta shiga. Ta koma rana ta biyu, Gwaggo ta yi mata faɗa, ta ɗiga wa yarinyar don uwar ta samu natsuwa, ta ce in ba ta tafi ba ita za ta ɗauke ta da kanta ko da rarrafe. Ana cikin haka na dawo. Duk wannan Gwaggo ta sani lokacin da nake zazzaga mata magana a gaban mutane, amma ba ta tona asirin matar ƙanena ba, don ta san abin da zai biyo baya a gidan aurenta.

Har gobe ina nan a kan cewa yaro mai palu asibiti ne wurinsa, kuma na ga waɗanda jinkiri ya kashe. Amma abin da na zubar a ƙasa ranar nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata daga hannun mijinta, kuma a kan laifin da ba nata ba na zubar da shi. Ba ta sake cika kwalbar ba. Wata ta ce mata ta dafa sabo mana, ta ce ba iri, ruwa ne kawai, ita kuwa ba ta ba mutane ruwa ta ce magani ne.

Na yi niyyar ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kowace Juma'a nakan je mata da goro da 'yar tsarabar kasuwa, na shirya maganar tun daga hanya. Takan karɓe ni kamar babu abin da ya faru, ta tambayi yara, ta sa a zubo mini tuwo, ta ba ni labarin abin da Bakano ya ce da abin da ta mayar masa. Ranar Salla, in ana yafe wa juna, nakan durƙusa in ce a yafe mu, ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma wannan kowa na faɗa wa kowa, ni na san ba ita ce maganar ba. Sau da yawa kuma, daidai lokacin da na tattaro ƙarfin hali, sai ta dube ni da murmushi ta ce, "Madam Likita, shayinku na wurin aiki yana jin sukari kuwa?" Na ɗauka habaici ne, tana tuna mini cewa na bar ta da sukari babu abin ɗigawa. Sai in ce yana ji, in haɗiye abin da na zo da shi, in ce sai wata Juma'ar. Haka Juma'o'in suka yi ta wucewa har suka ƙare.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an raba waina da gumba, mutane sun fara raguwa. Ina zaune a ɗakinta tare da matar ƙanena da wasu mata, sai wata dattijuwa daga Guna ta matso kusa da ni. Na san fuskarta, tana cikin masu zaman tabarma ranar Alhamis tun ina budurwa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwayar sukari ɗaya, ta ɗan yi datti, gefenta ya gutsure. Ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Likita, ga aikenki. Alhamis ɗin da ta wuce Tsohuwa ta ba ni, ta ce in kawo miki. Ni kuwa jiri ke ɗibata, ƙeyata na sara. Na ce sai na gama cirar gyaɗa in zo, ga shi Allah Ya yi ikonSa."

Na ce, "Inna, aiken me?"

Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. Ta ce, "Aiken da take yi miki mana. Tun da kwalba ta ƙare ai ba mu daina zuwa ba. Mu zauna, ta tambaye mu, ta taɓa goshi, ta duba ido. In na hira ne mu yi hira mu tashi. In ta ga na likita ne sai ta ba mutum sukari busasshe, ta ce, kai wa ɗiyata, maganin ya koma hannunta. Ki ajiye mata a kan tebur, kada ki ce komai. In ta gani ta san ni na aiko, ta kuma san babu komai a raina."

Sai teburina na wurin aiki ya faɗo mini a rai. Matan ƙauye sun saba ajiye wa ma'aikaci ɗan abin da suka samu, ƙwai biyu, ɗaurin yakuwa, gyaɗa a leda. A cikin irin waɗannan ne nake ganin ƙwayar sukari, wani mako ɗaya, wani mako uku. Da layi a bakin ƙofa har waje, ban taɓa ɗaga kai na tambaya ba. Na ɗauka kyautar wanda ba shi da abin bayarwa ce, in yi godiya in tura gefe.

Na ce, "Me ya hana ta gaya mini da bakinta?"

Dattijuwar ta ce, "Na tambaye ta. Ta ce, in na ce mata na yafe, na ce ta yi laifi ke nan. Likita ce, mutane na jin maganarta, ba zan sa ta durƙusa a kan ruwan na'a-na'a ba. Kuma wai ai kin gane tuntuni, don duk sanda ta tambaye ki ko shayi na jin sukari kina ce mata yana ji." Ta dubi fuskata. "Ke dai ba ki sani ba? Duk shekarun nan?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

"To me kike yi da sukarin?"

Na ce, "Shayi muke sha da shi, ni da abokan aiki."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Matar ƙanena ta kasa riƙewa, sauran matan ma haka, dariya ta kama ɗakin da aka fitar da gawa kwana uku da suka wuce. Dattijuwar ta share ido ta ce, "To ai shi ke nan, ɗiyata. Shekara shida kina shan yafiyarki a shayi, har kina raba wa mutane."

Tun ranar Laraba ban yi kuka ba sai a lokacin, kuma kukan daɗi ne, ban ji kunyar kowa ba. Da na natsu na ɗauki ƙwayar sukarin na ƙulle a bakin mayafina. Jakar aikina na rataye a bayan ƙofa tun ranar da na zo da ita a guje. Na ciro abin awo na ce wa dattijuwar ta miƙo hannu. Tansiyonta, wato jininta, ya hau sosai, irin hawan da ba a jira a gama cirar gyaɗa. Na rubuta mata magani, na ce gobe da safe ta same ni a wurin aiki, kada ta bi layi.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa ki da mai auna gyaɗarki a inda babu ciwon da za a nema wa magani. Aikenki na ƙarshe ya iso, kuma wannan karon na san daga hannun wa ya fito.